Lambar da Ta Ƙi Tafiya Sallah

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kai mai jar hula, da kai nake. Ɗazu na ji kana gaya wa abokinka wai aikin nan layi huɗu ne, ka gaya wa na'ura abin da kake so, ta rubuta maka, ka danna, lamba ta fito, shi ke nan an tashi. To madalla. Lamba kam za ta fito, ban taɓa ganin ranar da ta ƙi fitowa ba. Ko shirme ka rubuta, za ta fito tsaf da kwalliyarta. Abin da na yi shekara da shekaru ina cin abinci da shi ba fito da lamba ba ne, ƙin yarda da ita ne. Sunana Habibu, amma a ofisoshin da na yi aiki a Abujan nan ba mai kira na haka. Malam Ban-Yarda suke cewa, wasu a gabana, wasu sai na ba da baya. Ban taɓa jin haushi ba, ni ma na san na ci sunan.

A baki aikin sauƙi gare shi. Kamfani yana da manhaja a wayoyin mutane, yana so ya san mutum nawa ne suke amfani da ita da gaske. Duk wanda ya taɓa manhajar, sai a rubuta layi ɗaya a wani teburin bayanai da ke cikin saba, wato babbar kwamfutar kamfani: wane ne, me ya yi, yaushe. Kai kuma sai ka rubuta wa teburin tambaya da yaren da yake ji, ita ce muke kira kweri. Ka tsaya a kan yau, ka waiga baya kwana talatin, ka ƙirga kowane mutum sau ɗaya tak, ko da sau ɗari ya shigo. Gobe ka matsa gaba, rana ɗaya ta shigo ta gaba, ɗaya ta faɗi ta baya. Wannan ita ce taga mai tafiya. Akwai ta kwana talatin, akwai ta kwana bakwai. Duk wanda ya faɗa cikin tagar, shi ake kira aktif. Kun ga ai ba wuya, ko? Ku dai ci gaba da murmushi.

Aikin farko da aka ba ni na wani asibiti ne mai zaman kansa, suna son sanin marasa lafiya nawa suka zo a cikin kwana talatin. Lokacin ina ƙarƙashin Mista Bulus, wani mutumin Kwali da ya tsince ni a shagon buga takardu a Wuse, ya ga ina da sauri a kan kwamfuta, ya ce in biyo shi. Na rubuta kwerina, na duba, na sake dubawa, babu kuskure ko ɗaya. Na kai masa ina jin kaina. Ko kallon lambar bai yi ba. Ya ce, "Ciro mini mutum goma daga cikin su, in gan su da idona." Na ce, "Oga, ai lissafin daidai ne." Ya ce, "Ban ce ba daidai ba ne. Ciro goma." Na ciro. Na uku a cikinsu wani bawan Allah ne mai suna Gwaji Gwaji, shekararsa ɗari da wani abu, kuma kullum yana zuwa asibiti ba fashi. Ashe yarinyar da ke teburin karɓar kati ce take gwada na'ura da shi kowace safiya. Mista Bulus ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kwerinka ba ya ƙarya, amma bai san mutum ba. Kai ne ka san mutum." Daga ranar har gobe, ban ƙara miƙa wa kowa lamba ba sai na ciro goma na dube su ɗaya bayan ɗaya.

Kayan aikina ba su da yawa. Wannan tsohuwar kwamfutar da kuke wa dariya, wadda rubutun madannanta ya goge, ta fi wasunku daɗewa a ofis. Sai batir mai riƙe wuta, don in aka ɗauke wuta kana tsakiyar kweri mai nauyi sai ka fara daga farko. Sai kuma kalandar bango. E, ta takarda, irin wadda masu shago ke rabawa. A kanta nake zagaye azumi, Sallah ƙarama da babba, Kirsimeti, Ista, hutun makaranta, lokacin mangwaro, da ranar da ruwa ya ci hanya. Yara suna tambaya ta me ya haɗa kalanda da saba. Lamba mutane ce, mutane kuwa suna tafiya gida, suna yin azumi, suna zuwa biki. In lambarka ba ta san da haka ba, to ba mutane take ƙirgawa ba.

Tarkunan aikin kuwa sai dai a yi ta faɗa. Yaro ya tara na Litinin da na Talata da na Laraba ya ce ga jimilla, alhali mutum ɗaya ya ƙirga sau uku. Wani ya manta agogon saba yana bayan namu da awa guda, sai ya kwashe mutanen yau ya zuba su a jiya. Wani kuma ranar da ba wanda ya shigo ta ɓace masa gaba ɗaya daga lissafi, tagarsa ta miƙe ta ci ranar da ba tata ba, bai ma sani ba. Ga ɗan kasuwa mai layin waya biyu, yau ya shiga da wannan gobe da wancan, ka ɗauka mutum biyu ne. Ga dillali mai waya ɗaya da yake yi wa mutum shida aiki da ita. Duk waɗannan ana koyon su a wata biyu. Wanda ba a koyo da wuri shi ne oga. Akwai wanda zai zo ya dafa kafaɗarka ya ce, "Malam, ba za a ɗan faɗaɗa tagar nan ba? A mai da ita kwana casa'in mana, ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne, kuma shi ma ya sani sarai. In oga ya fara dafa maka kafaɗa, ka ƙara duba teburinka.

To bari in ba ku labarin shekarar da ta ba ni wuya. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai manhajar 'yan kasuwar kayan marmari ta Zuba. Ɗan kasuwa ya duba farashi, ya sa kayan da yake so a ɗauko masa daga gona, direban babbar mota ya gani ya karɓa. Manhajar ba ta cin datar mutum, kamfani ya ɗauki wannan nauyin. Amma 'yan kasuwar Zuba ba su da lokacin latse-latse, saboda haka muna da wakilai da suke shiga kasuwa kullum da safe, rumfa-rumfa, suna tsayawa a kan mutum sai ya buɗe ya sa kayansa. Shugabarsu ita ce Rifkatu. Ubanta mutumin Filato ne, uwarta 'yar Binuwai, don haka tana jin yaren masu gonakin lemo. Mace ce mai baki, ta iya yi wa Alhaji faɗa yana dariya. Ita ke riƙe da gidanta, da yara biyu a makaranta. Baba take ce mini, kuma duk ofishin ita kaɗai ce in na ce ban yarda ba take tambaya ta dalili.

Mai kamfanin, Oga Sadik, yaro ne mai ladabi, ya yi karatu a waje, kullum sai ya zo teburina ya gaishe ni. Ban taɓa ganin fushinsa ba, kuma wannan ma ban yarda da shi ba. Gab da azumi aka sabunta manhajar. Da azumi ya kama sai ya ce zai yi gwaji: a janye wakilai daga kasuwa, su zauna a ofis suna amsa waya, a ga ko 'yan kasuwa za su ci gaba da kansu. Kowa ya gane me gwajin yake nufi. In lamba ta tsaya ba ta faɗi ba, wakilai sun zama kaya. Rifkatu ta zauna a kusurwa da waya a gabanta, ƙafarta sai rawa take, mutumin da ya saba yawo an ɗaure shi a kujera.

Lamba ta tsaya. Ba tsayawa kawai ba, har ɗan hawa ta yi. A azumi ban damu sosai ba, don lokacin ne kankana da lemo da abarba suke tafiya, kowa na neman abin buɗa-baki. Na ce bari Sallah ta zo. Ku da kuka girma a garin nan kun san yadda Abuja take zama da Sallah, wayam, sai ka tsallaka babban titi kana cin gyaɗa. 'Yan kasuwar Zuba rabinsu sun kulle rumfa sun yi Arewa, direbobi sun ajiye mota, wasu sai sun yi mako biyu ba su dawo ba. Kowace shekara lambar kwana bakwai sai ta yi ƙasa sosai, sannan ta rarrafo ta taso. Ta kwana talatin tana da nauyin jiki, sai daga baya take lanƙwasawa. Haka take yi da Kirsimeti ma. A wannan shekarar, ko gezau. Layi ya miƙe sambal kamar an ja shi da rula.

Ranar da aka dawo hutu Oga Sadik ya tara mu, ya haska hoton layin lambar a bango, fuskarsa kamar gonar auduga. Ya ce, "Malam, ka gani? Wata guda ba wakili ko ɗaya a kasuwa, amma mutanenmu suna nan. Sun iya da kansu." Sai ya juya wajen wakilan da murya mai taushi, ya ce kamfani yana godiya, amma ƙarshen wata za a sallame su.

Na ce, "Oga, lambar nan ba ta je Sallah ba."

Aka yi dariya. Ya ce, "Ai abin farin ciki ne, Malam."

Na ce, "Ni ban yarda da wanda bai je Sallah ba. Ko dai ba shi da gida, ko ba mutum ba ne."

Ya ce kwerin ai nawa ne, ni na rubuta shi, ko kuwa ina zargin kaina ne? Na ce kwerin ban taɓa shi ba, amma zan ciro goma.

Na koma teburina na ciro su. Rifkatu ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, idonta ya yi ja. Ina karanto sunaye da lambar rumfa, tana gyaɗa kai, don duk ta san su. Da na zo kan wani na ce, "Alhaji Sale, layin lemo. Wannan kam gwani ne, kullum yana shiga, har ranar Sallah."

Ta ce, "Wane Alhaji Sale? Baba, sake karantawa."

Na sake.

Ta dafa ƙirji. "Yesu! Baba, mutumin nan ya mutu fa. Tun farkon azumi. Ni da kaina na je gaisuwa, na zauna da matan shi."

Innalillahi. Na buɗe layukansa gaba ɗaya. Ga su nan jere, tun daga makon da ya rasu har safiyar ranar da muke zaune: ya buɗe, ya buɗe, ya buɗe. Bai duba farashi ba, bai sa kaya ba, bai nemi mota ba. Kuma tazarar da ke tsakanin buɗewa da buɗewa iri ɗaya ce cif, kamar bugun agogo. Ba ɗan Adam da yake haka, ko mai gadi yana gyangyaɗi. Na duba sauran taran, yawancinsu haka suke.

Injiniyan manhajar na fara tarewa, a bakin injin shayi. Na ce me kuka saka a sabuntawar nan? Ya ce ba komai, ɗan ƙaramin abu ne, manhaja tana aiko sigina da kanta lokaci-lokaci don a san tana nan a kan wayar ba a goge ta ba. Na ce to madalla, a ina ake rubuta siginar? Ya ce a teburin da ake rubuta komai. Da wane suna? Ya ce da sunan buɗewa, don shi ya fi sauri. Na ce, "Wa ya ce ka sa ta can, da wannan sunan, kuma ana saura kwana kaɗan a janye wakilai?" Sai yaron nan ya ɗaga kai yana kallon silin kamar an rubuta amsar a can, ya ce shayinsa zai huce. Har yau ban san gaskiyar wannan ba. Wataƙila lalaci ne kawai, na sha ganin lalaci ya yi ɓarnar da mugunta ba ta yi ba. Amma ni dai ban yarda ba.

Na kai wa Oga Sadik maganar. Ya saurara da kyau, hannu a haɓa. Ya ce, "Malam, mutum ɗaya ne fa. Kuma wa ya sani, ko ɗansa ne ya gaji wayar yake amfani da ita?" Na ce to zan je in gani.

Washegari muka hau mota ni da Rifkatu sai Zuba. Gidan yana bayan kasuwa, ka wuce inda ake sauke kankana ka shiga wani lungu. Matarsa, Hajiya Kulu, tana takaba, don haka aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, Rifkatu ta shiga ciki, muka gaisa ta bayan labule. Na yi mata ta'aziyya, sannan na tambayi wayar marigayi. Ta ce tana nan a kan taga, a jone da caji dare da rana. Na ce akwai mai latsa ta? Ta ce, "Malam, wa zai latsa? Yaran ƙanana ne, ni kuma ban san kanta ba. Na dai ƙi bari ta mutu ne, don duk mutanensa na gona wannan layin suka sani. Suna ta kira, in ɗauka, su yi ta magana ba na ji, ni ma ba sa ji na. Ƙaninsa ya karɓi rumfa, amma bai san kowa a can ba. Kaya sun ƙare, Malam."

Muna cikin haka wayar ta yi ƙara. Na ji Hajiya ta ce, "Kin ji ko, su ne." Sai na ji muryar Rifkatu ta ɗauka, ta juya harshe, ta shiga yaren uwarta. Ta daɗe tana magana, har da dariya, har da ɗan faɗa. Da ta gama ta ce, "Hajiya, wannan ya ce lemon shi ya nuna tun wancan sati, yana jiran Alhaji ne, bai san ya rasu ba. Ya ce a yi miki gaisuwa. In kuna so zai loda jibi." Sai na ji Hajiya tana kuka a hankali tana sa mata albarka.

Na dawo ofis na duƙufa. Nan ne aikin da kuke cewa layi huɗu ne ya nuna mini halinsa. Siginar na'ura da buɗewar mutum suna ɗaya aka ba su, tebur ɗaya, ba abin da ya raba su a ido. Dole na bi ta bayan gida: duk buɗewar da ba abin da ya biyo ta, ba duba farashi, ba sa kaya, ba neman mota, kuma ta faɗo a kan wannan tazarar ta agogo, na ware ta gefe. Amma akwai ɗan kasuwan da yake buɗewa da gaske ya leƙa ya rufe, shi kuma bai kamata in zalunce shi ba. Na koma kan watannin baya, kafin sabuntawar, na gwada sabon kwerin a kansu don in ga ko zai ba ni abin da tsohon ya bayar. Ya ƙi, na gyara. Ya sake ƙi, na sake gyarawa. Ga teburin ya yi nauyi da shara, kowane gwaji sai ka sha shayi ka yi salla ka dawo yana juyawa. Da ya daidaita, na sake shi a kan watan azumi. Jama'a, tun makon da aka janye wakilai layin ya kama gangara, da Sallah ya kwanta, kuma bai tashi ba. Fiye da rabin waɗanda muke taƙama da su wayoyi ne kawai suke numfashi a aljihu da kan taga.

Na kai masa tun wata bai ƙare ba. Ya duba ya daɗe. Sannan ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau. Amma wannan ma'anarka ce ta aktif. Abin da muka yi yarjejeniya da masu zuba jari shi ne wanda ya buɗe. An riga an aika musu da rahoto. Bari mu wuce wannan zangon, sai mu zauna." Na ce, "Oga, mamaci fa muke ƙirgawa, kuma a kan ƙirgen nan za ka kori masu rai." Ya ce ya fahimta, wallahi ya fahimta, kuma ya dafa mini kafaɗa. Na ce to daga yau a cire sunana daga ƙasan rahoton. Ya ce ba damuwa. Sauƙin da ya amsa da shi ya fi komai ba ni haushi.

Ƙarshen wata aka sallame su. Rifkatu ta kwashe 'yan kayanta a leda, ta tsaya a teburina ta ce, "Baba, ka yi ƙoƙari." Raina ya ɓaci ranar, kuma har yau in na tuna sai ya ɓaci.

Ƙarya irin wannan tana da wa'adi, don lamba ba ta loda mota. Direbobi suka fara kira suna cewa ba kaya a manhaja. Masu zuba jari suka aiko da tambayar da ko yaro zai yi: mutane sun yi yawa haka, ina kayan da suke ɗauka? Kafin babbar Sallah sai ga Oga Sadik a teburina, wannan karon bai yi murmushi ba. Ya ce, "Malam, kwerin nan naka yana nan?" Na ce ina zai je? Na danna masa. Ya kalli layin a kwance, ya shafa kai, ya ce, "Don Allah ka nemo mini Rifkatu. Ka ce ta dawo, ita da mutanenta. Kai za ta ji maganarka."

Kafin in fita na yi abin da na saba, na leƙa layukan Alhaji Sale. Siginar ta tsaya cak tun mako na farko bayan sallamar. An goge manhajar daga wayar. Kwana talatin sun wuce, taga ta matsa ta bar shi a baya.

Na same ta a layin lemo, a rumfar marigayi. Mota tana tsaye ana sauke buhuna, ƙanin Alhaji yana ƙirga su, ita kuma tana kan benci da waya a kunne, tana yi wa wani direba faɗa da Hausa, ta katse ta amsa wani da yaren Binuwai. Masu rumfunan da ke kusa suna tsaye suna jiran ta gama ta kira musu nasu mutanen. Da ta hango ni ta yi tsalle. "Baba! Ka zo ƙirga mu ne?"

Aka ba ni wuri na zauna, aka yanka mini lemo. Na isar da saƙo yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba.

Ta ce, "Sauran kam ka kira su, wasu suna gida ba su samu komai ba." Wayar ta sake ƙara, ta duba ta kife ta a cinya. Sai ta ɗaga ta ta nuna mini, tsohuwar waya mai fasasshen gilashi a gefe. "Ka gane shi? Wayan Alhaji ne. Hajiya ta ce in riƙe. Tun asuba bai huta ba, sau biyu nake caji a rana. A wajenku me yake nunawa yanzu?"

Na ce, "Ya fita daga taga. Ba ma ƙirga shi."

Ta yi dariya har ta buga cinya. "Ka ji fa! Da mai shi yana kabari kuna ƙirga shi kullum. Yanzu da yake ciyar da gida biyu kun daina." Sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Baba, ka san ina jin maganarka. Amma ni na zauna a ofishin nan na ga an zaɓi lamba an bar ni, kuma an san lamban ƙarya ne. Matar nan ta ba ni amana tana cikin ɗaki. Ka ce wa Oga na gode."

Ta sa aka cika mini leda da lemo, ta ce in kai masa, in ce daga waɗanda ba aktif ba.

Na kai masa, na faɗa masa yadda ta ce. Wasu daga cikin wakilan sun dawo, an gyara teburin, an raba sigina da mutane, aka mai da kwerina shi ne na kamfani. Amma layin lemo gaba ɗaya ya bi Rifkatu, kuma har na bar wurin lambar Zuba ba ta koma inda take ba. Kullum da safe ina danna kweri mai gaskiya tsantsa, yana ƙirga mini mutanen da suka rage.

To, mai jar hula, matso da kwamfutarka nan. Na ga lambarka, ta yi kyau ƙwarai. Ciro mini goma.